Aikin Sa-kai a Maroko: Kafin Ka Nufi Rairayin Marzuga

Matasanmu da ke samun damar zuwa Maroko aikin sa-kai, wasu don koyar da Turanci a cibiyoyin Marrakesh, wasu don taimakon ƙauyukan tsaunin Atlas da girgizar ƙasar 8 ga Satumba 2023 ta rusa, yawanci tambaya ɗaya ke bakinsu: Asabar da Lahadi za su isa mutum ya je hamada ya dawo? Ɗan'uwa, idan Marzuga kake nufi, inda tuddan yashin Erg Shabbi suke, waɗanda wasunsu ke kai mita 150 a tsayi, kwana biyu ba za su ishe ka ba.

Daga Marrakesh zuwa Marzuga tafiyar kusan kilomita 560 ce, kuma hanyar ba miƙaƙƙiya ba ce. Sai mota ta hau mashigin Tizi n'Tishka, sama da mita 2,200, lanƙwasa bayan lanƙwasa, sannan ta gangara Warzazat, ta bi ta Tingir da Risani. Awa tara zuwa goma ke nan idan komai ya tafi daidai, bas ɗin kamfanin Supratours kuwa ya fi haka daɗewa. Da hunturu dusar ƙanƙara kan rufe mashigin. Wanda ya tashi Asabar da asuba zai isa da duhu, ya kwana, ya juyo Lahadi, ya shiga aji ranar Litinin idonsa na rufewa. Shi ya sa masu shirya yawon ke sayar da tafiyar ta kwana uku: daren farko a kwarin Dadas, na biyu a tanti cikin yashi, rana ta uku gaba ɗayanta a mota.

To ina za a samo kwana na ukun? Daga ranakun aiki, domin a Maroko Juma'a ranar aiki ce, hutun mako Asabar da Lahadi ne. A nan ne nake so mu tsaya. Wanda ba a biyan sa albashi yakan ji kamar lokacinsa nasa ne, ya zo in ya ga dama. Amma yaran da ka karɓi ajinsu ba su san da wannan lissafin ba, sun dai san an ce malami zai zo ranar Juma'a. Alkawari kaya ne, ko da kuɗi ko babu. Don haka tun makon farko ka zauna da shugaban cibiyar, ka faɗa masa kana son Juma'a ɗaya, ku zaɓe ta tare, ka samo wanda zai riƙe maka ajin, ka bar masa darasin a rubuce. Idan zamanka bai wuce mako biyu ko uku ba, ni a ganina kada ma ka nemi ranar. Ka ajiye hamadar sai ka gama aikin, ka ƙara kwana uku a kan tikitin komawarka tun daga gida.

In kuma lallai cikin Asabar da Lahadi kake son fita, akwai Zagora, kimanin kilomita 360 daga Marrakesh. Tuddan yashinta ƙanana ne, amma a can ne ake da wani allo mai cewa kwana 52 zuwa Tumbuktu a kan raƙumi. Akwai kuma Agafay, wadda ba ta kai awa guda a mota ba. Sai dai ka sani Agafay fako ne da duwatsu, babu tuddan yashi, kada hoton talla ya ruɗe ka. Wanda yake aiki a Fas ya ɗan fi kusa da Marzuga, amma shi ma yini guda zai yi a hanya.

Bahaushe kan je da tunanin cewa shi ɗan rana ne, zafi ba baƙonsa ba. Sanyi ne ke kama shi. Daga Disamba zuwa Fabrairu, da rana ta faɗi sanyin hamadar kan sauka har kusa da inda ruwa ke daskarewa, abin da ya wuce jaurar da muka sani a Kano ko Damagaram. Ka tafi da rigar sanyi mai kauri, safa, da hular da ke rufe kunne, ka kuma tambaya tun kafin ka biya ko bargo nawa ake bayarwa a tantin. Rawani ma yana da amfani, ga ƙura ga rana. Yuli da Agusta kuwa zafi kan haura digiri 45, babu dalilin da zai kai ka a lokacin. Oktoba, Nuwamba, Maris da Afrilu sun fi sauƙi.

Ruwan sha ka sayi naka a Risani ko Arfud, aƙalla lita uku zuwa huɗu na kowace rana, ka jefa 'yan ƙunshin gishiri da sukari na kemis a jaka. A can ma za ka ciri kuɗi, domin cikin yashi dirhami a hannu ake karɓa. Da safe ka kakkaɓe takalmi saboda kunama. Ka kuma ji tsoron busasshen rafi fiye da yadda kake jin tsoron ƙishirwa: ruwa kan sauka a kan tsauni mai nisa, inda kake ko gajimare babu, sai ambaliya ta taho ta cikin kwarin. A Satumban 2024 irin wannan ruwa ya ci rayuka a kudu maso gabashin ƙasar. Direba ya ce a jira, a jira.

Wajen zaɓar masu kai ka, kada arha ta ja ka. Ka nemi a rubuta maka abin da kuɗin ya ƙunsa: abinci, masauki, raƙumi, da mutum nawa ne a motar. Ka duba raƙumin kafin ka hau. In akwai gyambo a ƙarƙashin sirdi ko yana ɗingishi, ka ce a canja, ko ka taka da ƙafa, tafiyar ba ta fi awa ɗaya da 'yan kai ba. Baburan nan masu ƙafa huɗu da ake haya sun karya mutane da yawa, kuma inshorar tafiya ba kowacce ke biyan irin wannan rauni ba, don haka karanta taka kafin ka zauna a kai. Kada ka ratsa yashi kai kaɗai da dare neman hoto. Iyakar Aljeriya ba ta da nisa daga wurin, a rufe take tun 1994, kuma sojoji na tsaron ta. 'Yan'uwa mata su tafi cikin ayarin abokan aikin da suka sani, a bar wa cibiya lambar direba da sunan sansanin.

Abu biyu nake roƙon kada ka bari direba ya wuce da kai. A gefen Risani akwai kufan Sijilmasa, birnin da a da ayarin gishiri da zinariya ke tashi daga cikinsa, daga nan ne Ibn Baɗuɗa ya kama hanyar Mali a 1352. Sai ƙauyen Hamliya, 'yan kilomitoci kudu da Marzuga, inda jikokin baƙaƙen fata da aka ƙetaro da su hamada, da yawansu cikin bauta, ke kiɗan Ginawa da gurminsu mai tsirkiya uku da kacau-kacau na ƙarfe. Masana sun daɗe suna nuna dangantakar wannan kiɗa da al'adun Bambara da na Hausa. Masu shirya yawon kan ba ƙauyen rabin awa, ko su tsallake shi. Ka sa shi cikin yarjejeniya tun a Marrakesh, ka zauna ka sha shayinsu, ka nemi izini kafin ka ɗauki hoton kowa, kuɗin da za ka bayar kuma ka miƙa shi hannun makaɗan da kanka.