Ciwon korona: kwana biyar na farko

Ya kai mai karatu, ka san halin wuta. In an gan ta tun tana ƙarama, ruwa ƙwarya guda ya isa. In an bari ta hau jinka, ko tulu goma ba ya kashe ta. To, haka ciwon korona yake ga waɗansu mutane. Akwai maganinsa, amma maganin yana da lokaci.

Daga ina ciwon ya fito?

Korona ta ɓulla a ƙasar Sin a ƙarshen shekarar 2019. A Nijar, an sami mutum na farko da ya kamu ranar 19 ga watan Maris 2020. A watan Mayu 2023, hukumar lafiya ta duniya, wato OMS, ta ce matakin gaggawa ya wuce. Amma ƙwayar cutar tana nan tana yawo. Alamunta su ne zazzaɓi, tari, majina, ciwon maƙogwaro, ciwon kai da kasala.

Su wa ke cikin haɗari?

Yawancin mutane suna warkewa a gida cikin ƴan kwanaki. Amma akwai waɗanda ciwon yake iya kayarwa:

tsofaffi, masu shekara 60 ko fiye;
masu ciwon sukari;
masu hawan jini ko ciwon zuciya;
masu ciwon ƙoda, ko na hanta, ko na huhu;
masu ƙiba da yawa;
mata masu ciki;
waɗanda jikinsu ya raunana saboda Sida ko ciwon daji.

Duba gidanku da kyau. Wataƙila tsohonka ne, ko gwaggonka, ko maiɗakinka, ko kai kanka.

Don me ake hanzari?

A satin farko, ƙwayar cutar tana hayayyafa cikin hanci da maƙogwaro. Mutum yana gani kamar mura ce. A nan ne magani yake tare ta. A sati na biyu, ga wanda ciwon ya tsananta, huhu ne yake kumbura, numfashi ya yi wuya. Sa'an nan maganin tare ƙwayar ya makara, sai kwanciya asibiti da ƙarin iska. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Magunguna uku masu hana ƙwayar yaɗuwa

Na ɗaya shi ne Paxlovid. An fara ba da shi a Amurka a watan Disamba 2021. Ana shan ƙwaya 3 da safe, 3 da dare, har kwana 5. Ka ga ƙwaya 30 ke nan. Dole a fara shi cikin kwana 5 daga ranar da ciwo ya soma. An gwada shi kan mutum fiye da 2000 masu haɗari, waɗanda ba a yi musu rigakafi ba. Cikin kowane 100 da ba su sha ba, wajen 6 sun kwanta asibiti ko sun rasu. Cikin kowane 100 da suka sha, bai fi mutum 1 ba. A watan Afrilu 2022, OMS ta ba da shawara a riƙa ba masu babban haɗari shi. An kuma yarda waɗansu kamfanoni su yi irinsa mai araha don ƙasashe 95, har da Nijar. Yana sa ɗaci a baki, wannan ba abin tsoro ba ne. Abin lura shi ne, ba ya shiri da waɗansu magunguna, kamar na tarin fuka, da na farfaɗiya, da waɗansu na zuciya.

Na biyu shi ne molnupirabir. Ana shan ƙwaya 4 da safe, 4 da dare, har kwana 5. Bai kai na farko ƙarfi ba. Ba a ba mace mai ciki, ba a ba yara.

Na uku shi ne remdesibir. Shi ba a shan shi, ta jijiya ake sa shi, kamar ƙarin ruwa. Ana yi sau ɗaya a rana, kwana 3 a jere. Ana fara shi cikin kwana 7.

Saurayi mai ƙarfi wanda ba ya da wata cuta, yawanci ba ya bukatar waɗannan. Hutu, da shan ruwa, da maganin zazzaɓi sun ishe shi.

Sojojin haya

Jikin mutum yana da sojojinsa a cikin jini. In cuta ta shigo, sai su gane ta, su riƙe ta. Masana sun kwaikwayi waɗannan sojoji, sun yi su a masana'anta. Ana sa wa maras lafiya su ta jijiya ko ta allura. An fara amfani da su a Amurka a watan Nuwamba 2020, kuma sun hana mutane da yawa kwanciya asibiti.

Amma sojojin hayar nan kama ɗaya kawai suka sani. Ita kuwa ƙwayar korona tana sake kama, kamar ɓarawon da ya sake riga. A watan Nuwamba 2021, wata sabuwar iri ta fito, ana ce mata Omikuron. Da ta yi ta rikiɗa, sai sojojin hayar suka kasa gane ta. Kafin ƙarshen 2022, an daina ba da su ga masu ciwon a Amurka. Magungunan nan uku kuwa sun ci gaba da aiki, don ba rigar suke dubawa ba. Wurin hayayyafar ƙwayar suke toshewa.

Abin da ba ya magani

A shekarar 2020, mutane da yawa sun sa rai ga kulorokin, tsohon maganin zazzaɓin sauro. An gwada shi a ƙasashe da dama, aka ga ba ya warkar da korona. Haka kafso da ake saye a tire cikin kasuwa, ba ya kashe wannan ƙwaya. Kada ka zubar da kuɗinka, kuma kwana biyar ɗin su wuce ka a banza.

Me za ka yi?

1. Ka riƙe ranar da ciwo ya soma. Yanzu ka iya rubutu, ka rubuta ta a takarda. In Litinin ya soma, Juma'a ce rana ta biyar.

2. In mai ciwon yana cikin masu haɗari, a kai shi likita cikin kwana ɗaya ko biyu. Kada a ce sai ran kasuwa.

3. A yi masa awo. Zazzaɓin sauro da korona suna kama da juna, awo ne yake raba su.

4. A tafi da duk maganin da yake sha, har na gargajiya, a nuna wa likita. Mace mai ciki ta faɗa.

5. Ba kowane gidan likita ke da waɗannan magunguna ba. Ka tambaya, su gaya maka inda za ka.

6. In an ba da magani, a shanye shi duka, ko da an ji sauƙi. Ba a raba shi da maƙwabci.

In kuwa numfashi ya yi wuya, ko ƙirji yana ciwo, ko mutum ya fara ruɗewa, ko ya kasa tashi daga barci, ba sauran ƙirgan kwana. A wuce da shi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.

Kada kuma ka manta da allurar rigakafi. Ita ce katangar farko ga tsofaffi da masu fama da wata cuta. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.

Tambayoyi

1. Faɗi mutum uku waɗanda korona take yi wa haɗari.
2. Tsohuwa ta fara tari da zazzaɓi ran Laraba. Wace rana ce ta biyar?
3. Ƙwaya 4 da safe, 4 da dare, har kwana 5. Ƙwaya nawa ke nan?
4. Don me sojojin haya suka daina aiki?