Sokawen ruwan sama ba wurin zuba ragowar bulo ba ne

Cikin watan Agusta aka kira ni wani gida a bayan garin Kano, gidan wani dattijo, tsohon malamin firamare da ya zuba kuɗin sallamarsa a ginin. Layinsu babu kwata, ga shi ya daɓe tsakar gidan gaba ɗaya da siminti, don haka duk ruwan indararo a gidan yake kwana. Sai aka haɗa shi da wani birkila, ya ce zai yi masa sokawen ruwan sama da kuɗi kaɗan.

Abin da na tarar ya ɓata mini rai ƙwarai. An haƙa ramin a jikin bangon ɗakin uwargida, tsakaninsu ko taku biyu babu. An gina shi da bulo inci shida, ragowar na katanga, irin wanda ake buga hamsin da buhun siminti ɗaya. Na ɓalli guda na murza, ya zube a hannuna kamar garin kwaki. Murfin kuwa, rodi mai takwas ne ƙwaya huɗu, sun kwanta a ƙasan kankaren, tsatsa ta cinye su. Da wannan murfin jikan malam, ɗan shekara shida, ya rufta. Allah ya yi da sauran kwana, ƙafa ce ta karye. Bangon ɗakin ma ya tsage daga taga har ƙasa, domin damina biyu ruwa yana jiƙa ƙasar da fandisho ke zaune a kai.

Malam ya ce da ni, "Injiniya, ai birkilan cewa ya yi abin da za a binne ba sai an kashe masa kuɗi ba." Na ce, "Baba, da katanga ce da kun ga tsagar tun da wuri. Wannan kuwa sai ranar da ya rufta."

Jama'a, bulon da ke cikin rami kullum yana shan ruwa, ƙasa kuma tana tura shi. Ko dai a sa bulo inci tara mai wadataccen siminti, a bar tazara a sahun ƙasa don ruwa ya fita, ko zoben kankare mai huji irin na rijiya. A zagaye shi da wankakkiyar tsakuwa. Baraguzan gini da marmara mai ƙasa toshe ramin suke yi, amma har yau sai ka ga mai gida yana murna wai ya samu tifa guda kyauta. Masu cika ramin da tsakuwa zalla kuma su sani, ruwa kusan kashi ɗaya cikin uku na ramin kawai yake samu.

Ba wanda ke lissafi, wannan ne ke ƙona mini rai. Rufi mai murabba'in mita 150, idan aka yi ruwan milimita 50, lita 7,500 ce za ta sauko. Ramin malam ko lita 2,000 ba ya ci. Ina sauran za ta je in ba ƙarƙashin ɗaki ba?

Mita biyar tsakanin rami da gini, kada a rage. Murfi da rodi mai sha biyu, a ɗaga shi kankare ya lulluɓe shi sama da ƙasa. A sa ƙaramar chamba kafin ramin ta tare yashi da leda. Kada a haɗa shi da sokawen banɗaki. Ruwa ɗaya mai ƙarfi zai dawo muku da ƙazanta tsakar gida. Kuma ina sake faɗa, bulon katanga ba ya shiga rami, ko birkila ya rantse.

Kafin a sayi ko buhu ɗaya, a haƙa ɗan rami a wurin, a cika shi da ruwa. Idan gari ya waye ruwan yana nan, ƙasar ba ta shan ruwa, babu kayan da za su gyara ta. Mai irin wannan ƙasa, da wanda filinsa bai kai ya bar mita biyar ba, don Allah kada su haƙa. Su haɗa kuɗi da maƙwabta a ja kwata.