In Magani Bai Karɓi Mutum Ba

'Yan'uwana ɗalibai, gobe mu za a danƙa wa 'ya'yan jama'a, saboda haka ya kamata mu san wannan. Magani yakan warkad da mutane da yawa, amma ya ƙi karɓar mutum guda. A 1950 Likita John Lowe na Uzuakoli, can Gabas, ya bayyana haka game da dapsone, ƙwayar maganin kuturta, cutar da aka daɗe ana jiyyarta a asibitin Bayara, nan kusa da Bauchi. Septrin da waɗansu magungunan farfaɗiya su ma sukan yi haka.

Abin lura, alamun ba su fitowa nan da nan. Galibi sai an yi mako 2 zuwa 8 ana sha, watau sa'ad da kowa ya saki jiki. Ga su:

1. Zazzaɓi mai zafi.
2. Ƙuraje kamar na ƙyanda su game jiki, fata ta riƙa saɓa.
3. Kumburin fuska.
4. Kaluluwa a wuya da hammata.
5. Ido ya yi rawaya, hanta ke nan ta taɓu.

To, in ka ga haka ga yaro, fara tambaya wane magani yake sha. Kada a ƙara masa ƙwaya sai likita ya gani, kada kuma a tsaya jiƙe-jiƙe. A kai shi asibiti ran nan, da sauran maganin a hannu, gama jinkiri yakan jawo asarar rai. In Allah ya ba shi lafiya, a rubuta masa sunan maganin, ya riƙa nuna wa kowane likita.