Maganin Zafin Manyanta: Abin da Ke Faruwa In An Daina Sha

A garuruwanmu na Tasawa da Mayayi, ranar da yarinya ta fara wanki, uwa ko goggo takan zaunar da ita ta yi mata bayani. Amma lokacin da wankin ya zo ɗaukewa, ba mai zaunar da mace. Sai ta ji jikinta ya sake, ta haɗiye ta yi shiru. Wannan darasi na waɗannan mata ne, da mazansu, da ɗiyansu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yawancin mata al'adarsu na ɗaukewa tsakanin shekara 45 da 55. Ana cewa ta ɗauke in an yi wata 12 cur ba a ga jini ba, alhali ba ciki, ba goyo, ba allurar tazarar haihuwa. Ga dalilin. A gefen mahaifa akwai gidan ƙwai guda biyu, ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Su ke zuba wani sinadari cikin jini mai suna istirojin. Shi ke tafiyar da al'ada, shi ke sa gaban mace ya kasance da laushi da danshi, kuma yana riƙe ƙarfin ƙashi. In shekaru sun ja, sinadarin sai ya yi ta raguwa kamar ruwan rijiya da bazara.

Daga nan ne wahalar ke farawa ga wasu. Zafi ya taso daga ƙirji, ya hau wuya da fuska, ko da a tsakiyar ɗari ne. Zufa ta jiƙa zane da dare. Barci ya ƙaurace. Abu kaɗan ya ɓata rai. Gaba ya bushe, kwanciya da miji ta zama da zafi. Wata ta ce iska ce, wata ta zargi kishiya da sammu, a yi ta kashe kuɗi wajen neman magani inda babu shi. Ba iska ba ce, ba sammu ba ne. Sinadari ne ya ragu.

Akwai maganin da likita kan bayar don ya maye gurbin abin da ya ragu. Yana zuwa a ƙwaya, ko man shafawa, ko wani ɗan abu da ake mannawa a fata. Macen da mahaifarta ke nan, dole a haɗa mata da sinadari na biyu mai suna furojestaron, don istirojin shi kaɗai yana kaurara bangon mahaifa, har ya iya jawo ciwon daji. Wadda aka cire wa mahaifa, istirojin kaɗai ya ishe ta.

A wajenmu masu shan wannan magani ba su da yawa. Waɗanda suka fi haɗuwa da shi su ne matan da aka yi wa aiki aka cire musu gidan ƙwai duka biyu tun da sauran ƙuruciya. Mu ɗauki misalin wata mai shekara 39 daga wani ƙauye kusa da Kanan Bakashe. An yi mata aiki a Maradi saboda ƙari, ta dawo gida da takardar magani. Ta sha wata huɗu, ta ji garau, ta koma saƙar tabarma da kabar gulbi. Da kwalin ya ƙare, kuɗin wake ma sun ƙare, sai ta ce ai ta warke. Ba a yi sati uku ba zafin ya dawo, barci ya gagara. Ta je wurin ungozoma a CSI, ƙaramin asibitin yankinsu.

"Yaya, yaushe kika daina shan maganin?"

"Tun bayan girbi, ƙanwata. Na ga ba inda ke mini ciwo."

"Ai wannan ba irin maganin zazzaɓi ba ne, da za a sha kwana uku a gama. Abin da aka cire miki shi ke ba jikinki sinadarin nan. Ƙwayar ce ta tsaya a madadinsa. Kin janye ta, jiki ya koma ba komai."

Gaskiya ungozoma ta faɗa. Mace irin wannan, in babu wani ciwon da ya hana, likitoci kan so ta ci gaba da sha har wajen shekara 50, lokacin da al'ada kan ɗauke da kanta. Zafin da ya dawo shi ne abin da take ji, amma akwai wanda ba a ji, kuma shi ya fi ba ni tsoro. Da an daina maganin, ƙashi yakan fara zaizayewa a hankali, kamar ginshiƙin rumbu da gara ke ci ta ciki. Ba ciwo, ba kumburi. Sai wata rana ta zame a bakin rijiya, ƙugu ko wuyan hannu ya karye. Macen da ta rasa sinadarin tun tana ƴar shekara 39 ta fi kowa shiga wannan haɗari, kuma zuciyarta ma tana rasa wata kariya.

An taɓa ganin abin da ke faruwa in mata da yawa suka daina sha lokaci guda. A Amurka an yi wani babban bincike kan mata 16,608 masu shekara 50 zuwa 79. A watan Yuli na 2002 aka tsayar da shi kafin lokacinsa, don an ga cikin kowace mace 10,000 masu shan haɗin sinadaran biyu, ana samun ƙarin mata 8 da ke kamuwa da dajin nono a shekara. An kuma ga ƙarin daskarewar jini a jijiya da shanyewar ɓarin jiki, ko da yake karayar ƙugu ta ragu. Labari ya bazu, mata suka firgita, miliyoyi suka ajiye magani. Da yawansu zafin ya dawo musu. Daga baya masana suka sake duba lissafin, suka lura yawancin matan binciken sun haura shekara 60. Ga macen da ba ta kai 60 ba, wadda ba ta yi shekara goma da ɗaukewar al'ada ba, kuma tana shan wahala, amfanin maganin yakan rinjayi haɗarinsa.

Saboda haka farawa da dainawa duk shawara ce ta mace da likita. Wadda ta taɓa yin dajin nono, ko daskarewar jini, ko shanyewar jiki, ko ciwon hanta mai tsanani, ba nata ba ne. Kuma kada a saye shi wurin masu tallar magani a kasuwa. In lokacin dainawa ya zo, likita kan rage shi kaɗan-kaɗan cikin ƴan watanni, don kada zafin ya dawo gaba ɗaya. In kuɗi ne matsalar, a faɗa wa likita ƙarara tun kwalin bai ƙare ba. Maigida, kai ma wannan nauyi a kanka yake, ka sa kuɗin maganin cikin lissafin kaka. In CSI ba su da abin yi, za su tura ku asibitin gunduma a Tasawa ko Mayayi, ko kuma Maradi.

Mai sha da wadda ba ta sha, kowa na iya taimakon ƙashinta da abin da ke gida: nono a fura, ganyen zogale, miyar kuka, riɗi, wake, da ƙananan kifi da ake ci har da ƙayarsu. Tafiya a ƙasa ma tana ƙarfafa ƙashi.

Kada a haɗa wannan magani da na tazarar haihuwa. Ba ya hana ciki. Ita kuma allurar wata uku takan ɗauke jini, har bayan an daina ta a yi watanni kafin ya dawo, wannan ba manyanta ba ce. Amma macen da ta yi shekara guda ba ta ga jini ba, sai ga shi ya dawo, ko ɗigo ne, kada ta ce ƙuruciya ce ta waiwayo ta. Yana iya zama alamar ciwo a mahaifa ko bakin mahaifa. Ta tafi likita cikin satin nan.

Yanzu kowace ta ɗauki alƙalami. A shafin ƙarshe na littafinki, rubuta watan da kika ga jini na ƙarshe, da shekarar. In kina shan wani magani, kwafi sunansa daga kwali harafi bayan harafi, da ranar da kika fara. Ki riƙe littafin a hannu duk ranar da za ki likita.