Koyar da Ingilishi a Aji Mai Cunkoso: Nazari daga Ƙasar Ƙaura Namoda

Gabatarwa

A shekarar 1983 aka kafa Kwalejin Fasaha ta Tarayya a Ƙaura Namoda, kuma ɗalibai daga Shinkafi da Zurmi da kewayensu na cikin masu neman ilmi a cikinta. Darasin Ingilishi wajibi ne a kan duk mai neman difloma, don haka yakan tara jama'a fiye da sauran darussa. Ɗalibin da harshen ya gagara kuwa, ko ya fahimci fanninsa, da wuya ya iya bayyana abin da ya sani a takardar jarrabawa.

Tushen Matsalar

Shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya ƙara yawan 'yan makaranta, amma ƙwararrun malamai ba su ƙaru daidai da su ba. Ga shi kuma harshe ba a ƙware shi da saurare kawai. Sai an furta, an yi kuskure, an gyara. Malami ɗaya ba zai iya bin bakin kowa ba cikin sa'a guda.

Sai dai akwai rangwame. Galibin ɗaliban wannan yanki Hausa suke yi a gida, saboda haka kurakuransu iri ɗaya ne. Alal misali, Hausa ba ta bambance sautin p da f, shi ya sa pan da fan kan rikita su. Haka nan ba ta jera baƙaƙe a farkon kalma, watau dalilin da bread ya zama burodi. Daɗin daɗawa, kalmar ara ta ƙunshi bayarwa da karɓa, sai ɗalibi ya ce borrow me alhali lend me yake nufi.

Mafita

Na farko, malami ya tattara irin waɗannan kurakurai daga rubutun ɗalibai, ya bayyana su a allo ta kwatanta harsunan biyu. Gyara guda zai warkar da aji baki ɗaya.

Na biyu, ya ɗauki darasi daga tsangaya, inda malami ɗaya kan riƙe almajirai masu yawa domin gardawa suna biya wa ƙanana karatu. A kasa aji rukuni-rukuni, mutum shida ko takwas, a sa mai ɗan ƙwari ya jagorance su, malami yana zagayawa.

Na uku, a riƙa yin gajeriyar shifta kowane mako, ɗalibai su yi musayar takardu su duba wa juna bisa amsar da ke allo. Malami ya karɓi na rukuni ɗaya ya tantance, domin kada makaho ya ja makaho.

Kammalawa

Wannan tsari ba zai maye gurbin ƙarin malamai da ajujuwa ba. Amma kafin a same su, zai ba kowane ɗalibi damar buɗe baki, ko da a layin baya yake zaune.