Takobin Gado da Tsatsar Damina

Wanda ya gaji tsohon takobi a Suleja, garin da Abu Ja ya kafa a 1828, damina ce babbar matsalarsa. Kuben fata yana riƙe laima, ƙarfen kuma ya yi ta yin tsatsa a ciki. Gara a zare shi, a goge da tsumma mai laushi da ɗigon man keken ɗinki, a ajiye kuben daban.

Kada a kai takobin injin wasa wuƙa. Takubba da dama na ƙasar Hausa ƙarfensu daga Solingen ta Jamus ya zo, kuma dutsen injin kan cinye tambarin maƙerin.

A Jawa ta Indunusiya da lemun tsami ake wanke wuƙar keris, amma aikin ƙwararru ne, kada a gwada shi a kan takobin. Kuben da ya yage kuwa, sai baduku.