Kuɗin Haya a Birnin Niyok

Mu da ke ƙauye galibinmu a gidajen gado muke zaune, ba mai zuwa ƙofarmu ƙarshen wata ya ce a ba shi kuɗin ɗaki. Mutanen manyan birane ba haka suke ba. Yau za mu karanta labarin wani babban birni na ƙasar Amurka, sunansa Niyok, inda wajen magidanci biyu cikin uku haya suke yi.

Gidajensu benaye ne. An raba kowane bene sashe sashe, kowane sashe da ɗakin kwana da madafa da makewayi, iyali guda a ciki.

A cikin 1969 hukumar birnin ta kafa doka don tsare 'yan haya. Yawanci dokar ta shafi gidaje masu sashe 6 ko fiye, waɗanda aka gina kafin 1974. Sassan da ke ƙarƙashinta sun kai wajen miliyan ɗaya. Akwai kwamiti na mutum 9, magajin gari ke naɗa su: 2 wakilan masu gidaje, 2 wakilan 'yan haya, 5 na sauran jama'a. Kowace shekara su ke yanke iyakar abin da za a ƙara a kan kuɗin haya. Muddin ɗan haya yana biya, yana kiyaye sharuɗɗa, mai gida ba shi da ikon korarsa don kawai ya sami wanda zai biya fiye.

To, amma idan ɗan haya ya tashi fa? Nan ne maganar take.

A cikin 1993 majalisar jiha ta ce idan kuɗin sashe ya kai dala 2,000 a wata, kuma mai zama ciki ya tashi, sashen ya fita daga dokar, mai gida ya yanka kuɗin da ya ga dama. A cikin 1997 kuma aka ƙara da cewa duk sa'ad da sashe ya zama fanko, ana iya ƙara wa sabon shiga har humusi, wato 20 cikin 100.

Mu ɗauki alli mu yi lissafi. A ce kuɗin sashe dala 1,000 ne. Na fari ya tashi, ya zama 1,200. Na biyu ya tashi, ya zama 1,440. Na uku, 1,728. Da na huɗu ya kwashe kayansa an wuce 2,000, doka ta saki sashen ke nan. A wancan lokaci akwai ma hanyar da ta fi wannan sauri. Idan mai gida ya yi gyara, yana iya ɗora kashi ɗaya cikin 40 na abin da ya kashe a kan kuɗin kowane wata. Ya kashe 20,000, ya ƙara 500. Cikin wata 40 kuɗinsa sun dawo, ƙarin kuwa yana nan, ba ya sauka.

Kun ga abin da ya faru. Tsohon ɗan haya mai biya kan lokaci ya zama hasara ga mai gida, tashinsa shi ne riba. Ba duka masu gidaje suka yi mugunta ba, amma waɗansu sun yi. Wani ya ƙi gyaran rufi, wani ya kashe abin ɗumama ɗaki cikin tsananin sanyi, wani ya yi ta kai ƙara kotu har mutum ya gaji ya tashi. Ta wannan ƙofa sassa fiye da 150,000 suka fita daga dokar.

Ran 14 ga Yuni, 2019, Gwamna Andrew Cuomo ya sa hannu a sabuwar doka. An soke ƙarin humusi. An soke fitar da sashe daga doka don kuɗinsa ya yi yawa. Sabon shiga yana biyan abin da na da ke biya, sai ɗan ƙarin da kwamiti ya yanke wa kowa. Kuɗin gyara kuma aka yi masa iyaka, dala 15,000 cikin shekara 15, ƙarin da zai jawo bai wuce dala 89 a wata ba.

Masu gidaje suka yi kuka, kuma a ganinmu kukansu da gaskiya a ciki. Sashen da mutum ya shekara 40 a ciki yana bukatar sababbin wayoyin lantarki, da famfo, da daɓe, 15,000 ba ta isa. Waɗansu suka gwammace su kulle sashen su bar shi fanko, alhali mutane na yawon neman wurin kwana. Ƙidayar 2023 ta nuna a cikin sassan haya 1,000 na birnin, 14 kaɗai ke jiran mai shiga. Sun kai ƙara har Kotun Ƙoli ta Amurka, ta ƙi sauraro a 2023 da 2024. Amma a cikin 2024 majalisar jiha ta ɗaga iyakar gyara zuwa dala 30,000, har 50,000 ga sashen da aka shekara 25 ko fiye a ciki. Humusi dai ba a maido da shi ba.

Ga aikin da za mu yi a allo kafin malami ya tashe mu. Sashe yana dala 1,500 a wata. Ɗan haya nawa za su tashi kafin kuɗin ya wuce 2,000, bisa dokar 1997?